Ranar da Na Ce Ban San Baƙona Ba

Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta wasiƙun mutane a wannan shafi, yau dai na ce bari ni ma in sauke abin da ke cin raina. Lokacin da abin ya faru ni matashi ne, ban daɗe da aure ba, ina da ɗan shagon kayan babur a Dogon Dutsi. Kayan daga wajen wani Alhaji nake ɗaukowa, mutumin ƙetaren iyaka ta wajen Kebbi, dattijo mai sauƙin kai da ya riƙe ni hannu biyu. Ciwona a lokacin shi ne son a ce na iya. Mahaifina mafarauci ne kafin rasuwarsa, ni kuwa ko bindiga ban taɓa harbawa ba, amma da zarar hira ta kai ga daji sai in baje, in riƙa ba da labarin barewa kamar a gidanmu ake kiwonta.

Alhaji mutum ne mai son farauta, yana da bindigarsa da takardarta a can ƙasarsu. Wata rana ya kira ni ya ce zai zo da amininsa in kai su inda nake cewa akwai barewa. Sau biyu ya tambaye ni ko akwai takardar da ya kamata su nema a wajenmu, da kuma ko lokacin ya dace. Ofishin gandun daji bai fi tafiyar ƙafa daga shagona ba, amma ban taka ba. Na ce masa takardarsa ta wadatar, dajin namu ne, ba mai tambaya. Da na ga abin ya zama gaske sai na garzaya Kiyeshe wajen ƙanen mahaifina, wanda ya san daji, na roƙe shi ya yi mana jagora. Ya ƙi. Ya ce ruwan farko ya sauka, barewa ko tana da ciki ko tana goyo, mafarauta ba sa taɓa ta a irin wannan lokaci, gwamnati ma ta rufe farauta. Ya ƙara da cewa baƙo ba ya shiga daji da bindiga sai da permi, wato takardar izini, ta nan ƙasar. Na ɗauki maganarsa irin ta tsofaffi da iskokin daji, na hau babur na dawo.

Da safe muka ɗauki hanya a kat-kat ɗin Alhaji, motarsa mai shiga daji, muka nufi arewacin Dogon Kiriya. Har azahar muna yawo ba mu ga ko zomo ba. Zufa ta jiƙa mini riga, ina ta nuna musu sawu a ƙasa, alhali ban san ko na barewa ne ko na akuya ba. A bakin wata rijiya muka tarar da wani makiyayi yana shayar da shanu. Ya ce akwai bareyi 'yan kaɗan a bayan tudu, amma su ma sun yi wuya, mutanen wurin ba sa taɓa su. Na ga yana duban lambar motar, ban kawo komai a raina ba. Wajen la'asar muka hango biyu a gindin wata ƙaya, Alhaji ya harba, ɗaya ta faɗi. Da muka je yanka ta sai muka ga mace ce, hantsarta cike, nono na ɗiga a kan yashi. Alhaji ya ce mu duba ko za mu ga ɗan. Muka zagaya ciyayi da gindin itatuwa ba mu gan shi ba. Muka sa barewar a buhu.

Kafin mu kai babbar hanya ma'aikatan gandun daji suka tare mu a kan babura. Babbansu ya yi sallama ya nemi permi. Alhaji ya miƙa takardarsa da ƙarfin gwiwa. Mutumin ya duba ya mayar masa, ya ce wannan ba ta aiki a nan, farauta a rufe take, bindigar kuma ta ƙetaro iyaka ba izini. Suka buɗe buhun suka gani. Sai ya juyo gare ni ya ce ni fa, mene ne haɗina da su. Har yau ban san daga ina maganar ta fito ba. Na ce ni fasinja ne, a hanya suka rage mini tafiya, ban san su ba. Alhaji ya dube ni, ya daɗe yana dubana, sannan ya ce wa ma'aikacin, "Haka ne, a hanya muka ɗauke shi." Aka sallame ni, su kuma aka wuce da su Dogon Dutsi da motar da bindigar.

Kwana biyar na yi ban san inda zan sa kaina ba. In buɗe shago in kasa zama, in rufe, in koma gida, in sake fitowa. Sau uku ina zuwa ƙofar jandarmari, ofishin jami'an tsaro inda ake tsare da su, in tsaya a tsallaken titi, in juya. A salla sai in manta raka'a nawa na yi. Matata ta tambaye ni har ta gaji, na ce mata zazzaɓi ne. A kwana na uku uwargidan Alhaji ta kira ni, ta ce ni kaɗai suka sani a garin, don Allah in kai masa abinci da maganinsa na ciwon suga. Na sayi maganin, na ba wani ɗan kabu-kabu ya kai, na ce kada ya faɗi wanda ya aiko shi. Ranar kasuwa ƙanen mahaifina ya shigo gari, labari ya riga ya kai masa. Ya same ni a shago, ya ƙi zama. "Mutum ya tambaye ka, ka ba shi ƙarya, sannan ka bar shi a ciki?" Abin da ya ce ke nan, ya tsaya a ƙofa yana jirana. Na rufe shago muka tafi tare.

A jandarmari na faɗi komai, cewa ni na gayyace su, ni na ce takardar ta isa, ni na nuna hanya. Aka tsare ni kwana biyu. Maganata ba ta wanke Alhaji ba, amma ta nuna ya tambaya an ruɗe shi. Aka ci mu tara, aka riƙe bindigar, motar kuma sai daga baya aka sake ta. Alhaji ya fito ƙafafunsa a kumbure, daga nan asibiti aka wuce da shi. Bayan ya samu sauƙi na bi shi har gida neman gafara. Ya ce zancen farauta ya yafe, don shi ma babba ne, kamata ya yi ya je ofis ya tambaya da kansa. Maganar bakin hanya kuwa, ya ce yana ƙoƙari. Har yanzu yana aiko mini da kaya, amma bai sake taka Dutsi ba.

Ina kira ga masu zuwa farauta daga wani wuri: takardar garinku a iyaka take tsayawa. Ku je wajen ma'aikatan gandun daji da ƙafarku, ku tambayi ko an buɗe farauta, wace dabba aka yarda a harba, da abin da ake nema kan bindiga, kada ku dogara da bakin mai masauki komai kusancinku. Mu kuma masu karɓar baƙi mu ji tsoron Allah, kada son burgewa ya sa mu jefa mutum cikin abin da ba mu bincika ba. Ni tarar ba ta dame ni ba, kwana biyun ma na manta su. Abin da ya hana ni sakewa shi ne dattijon da na yi wa ƙarya shi ne ya rufa mini asiri a gaban hukuma. Kada ka kai mutum daji sai ka tabbata za ka iya tsayawa kusa da shi idan an tare ku. Ku sa ni a addu'a.