Ƙashin da Na Rataya wa Rifkatu

Wata Juma'a ce ta lokacin ɗibar auduga, ina aji uku a Garwa, shekaru kaɗan bayan tafiyar Turawa. Tun safe sambol ke wuyana, wato muƙamuƙin akuya da aka ɗaure da igiya, ana rataya wa duk wanda bakinsa ya suɓuce da wani harshe ban da Faransanci. Mai ɗauke da shi sai ya yi ta baza kunne har ya kama wani ya miƙa masa. Wanda aka tashi daga makaranta da shi a wuyansa ya sha bulala, in ya kai sau uku a ce ya zauna a gida. Ni ban taɓa kaiwa tashi da shi ba, amma na san hannun babana, mahauci ne, ba ya dukan wasa.

Rifkatu ce ƙawata, 'yar mutanen dutse daga wajen Poli, uwarta na sayar da gyaɗa kusa da rumfar babana. A bakina ta koyi Hausa, kuma ba abin da ke ba ta dariya kamar kalma ɗaya a rubuce ta zama abu biyu a baki. Muka mayar da shi wasa a hanyar ɗebo ruwa a Binuwai, tulu a ka. In na ce "gari", ta ce "na tuwo ko na mutane?" In ta ce "fari", in ce "na alli ko na rashin ruwa?" Ba ta taɓa iya barin kalma ta wuce ba amsa ba.

Kafin Juma'ar nan, sau biyu an tashi da sambol a wuyanta, na kuma sani sarai. Da aka kusa kaɗa ƙararrawa, tsoro ya kama ni, na matsa na raɗa mata, "Fito." Ko kai ba ta ɗago ba ta ce, tana murmushi, "Na baki ko na kwalekwale?" Na cire igiyar na zura mata a gaban kowa. Ba ta yi kuka ba, kallona kawai ta yi. Ran Litinin ni kaɗai ce a bencinmu, an mayar da ita gona.

Yau jikokina na hira da harshen da suka ga dama, ba mai farautar bakin wani. Bara na ga Rifkatu a kasuwar Pitowa, ta tsufa, tana auna gyaɗa. Na kira sunanta, na gaishe ta da Hausa. Ta gane ni, amma da Fulatanci ta amsa, cikin ladabi, yadda ake amsa wa baƙo. Har yau gaisuwar nan tana mini ciwo.