Mai Wanki da Mai Farar Kwat

Da asuba, kafin a tayar da salla, Maharazu ya riga ya hura gawayi ya cika dutsen guga. In ya dawo daga masallaci dutsen ya yi zafi daidai, sai ya tofa masa yawu, ya ji ya yi cas, ya jawo riga ta farko. Haka yake yi tun da ya baro Mabai ya kama wanki da guga a Ƙanƙara. Gajere ne, mai kaushin hannu, sabulu ya cinye masa farata. Ba shi da yawan magana. Yakan ce baki yana ƙarya, amma wuyan riga ba ya yi.

A shekarun nan ne kuɗin man fetur suka malalo har ƙauye. Bayan ƙarin albashin Udoji, wanda bai sayi babur ba ya sayi rediyo, 'yan kwangila kuma suka tsiro kamar ciyawar damina. Alhaji Lawwali yana cikinsu. Da can dillalin gyaɗa ne, sai ga shi da kwangilar rijiyoyi da kwalbatoci daga Ƙanƙara har Sabuwa. Tun daga lokacin bai sake sa riga mai launi ba, sai farar shadda, kuma wadda ya fita da ita da safe ba ita za a gan shi da ita da la'asar ba. Duk a hannun Maharazu suke ƙarewa. Wankin Alhaji ne ke ɗora tukunya a gidansa, don sauran mutanen gari sai da salla suke tunawa da mai guga.

Wata damina, rijiyar da Alhaji ke ginawa a Damari ta rufta da masu haƙa, saboda siminti da aka tsuke wa hannu. A cikinsu har da Salihu, ƙanen Larai matar Maharazu. Alhaji ya je ta'aziyya da buhunan shinkafa, cikin farar riga, aka yi ta sa masa albarka. Kashegari rigar ta iso gidan Maharazu, gefenta ja wur da ƙasar bakin rijiya. Ya jiƙa ta, ya cuɗa, ya sa bula, ya goge. 

Bayan kaka Alhaji ya sayo majigi da janareta, ya ɗora wa Hadi direbansa aikin juya na'ura. Finafinan daga Kaduna suke zuwa a cikin gwangwanaye, yawanci da harsunan da ba wanda ke ji, don haka ana bukatar mai bayani da zai tsaya gefen allo da lasifika. Maharazu ya taɓa yi wa ma'aikatan jirgin ƙasa wanki a Kaduna yana saurayi, ya shiga sinima ba adadi. Shi ne kuma ke wanke farin ƙyallen da ake haskawa a kai, ya goge shi, ya ɗaure shi ba ko lanƙwasa. Aikin ya faɗo kansa. Ba ya jin abin da Turawan ke faɗi, kuma bai taɓa cewa yana ji ba. Tufafinsu yake karantawa.

Sai aka kawo wani fim da takardar jikin gwangwaninsa ta goge, ba a san sunansa ba, kuma gwangwani na ƙarshe bai zo ba. Labarin wani attajiri ne mai farar kwat da farar safar hannu, wanda ke tara tsofaffi marasa galihu a gidansa yana ciyar da su. Ɗaya bayan ɗaya suke ɓacewa. Duk wanda ya ɓace, sai manyan gari su taru su ƙara wa attajirin lambar yabo, har ƙirjinsa ya cika, yana tafiya yana kacau-kacau kamar jakin mai koli. A gidan akwai wani bara gurgu mai baƙar riga, kullum fuska a murtuke. Fim ya yanke daidai lokacin da 'yan sanda suka ƙwanƙwasa ƙofa.

A wani siton auduga aka nuna shi a Ƙanƙara, da la'asar, an rufe ƙofa an toshe tagogi da buhuna. Alhaji yana kujerar gaba. Da allo ya yi fari, mutane suka yi ca.

“Malam Maharazu, wa ke kashe su? Gurgun ne ko?”

Maharazu ya ce da Hadi ya maido gwangwanin baya. Da hoto ya dawo, ya ɗaga lasifika.

“Ku dubi gurgun nan. Akwai maiƙo a gwiwar hannunsa ta hagu. Tun farkon fim shina nan, har yanzu shina nan. Wanga bawan Allah bai taɓa tuɓe riga ba. Mai yanka kuwa, ko kaza ce, sai ya yi wanki. To ku dubi maigidan. Jiya maɓallin hannunsa zagaye ne. Tsohuwa ta ɓace, yau mai kusurwa ne. Riga ce sabuwa. Ku bari wani ya sake ɓacewa ku gani.”

Wani tsoho ya ɓace a allo, maɓalli ya sake. Maharazu ya ci gaba.

“Sai fitila. In maigidan shina cikin jama'a, haske ta gaba yake zo masa, fuska sumul kamar an goge ta da dutsena. In ya rufe ƙofa shi kaɗai, hasken daga ƙasa yake tasowa, kamar mai riƙe da aci-balbal ƙarƙashin haɓa. Idanu su zama ramu. Wanda ya shirya fim ɗin nan ba mantuwa ya yi ba. Dariyar da kuka yi ta lambobin nan, ba shi kuke yi wa ba, masu maƙala masa kuke yi wa. Farin da ba ya datti, akwai mai wanke masa a bayan gida.”

Bai ambaci kowa ba. Amma a cikin sito duka riga ɗaya ce ke ƙyalli a hasken majigi, kuma idanu suka koma kanta. Wani daga baya ya yi tari mai kama da dariya.

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Da safe Alhaji da kansa ya zo har bakin teburin guga.

“Maharazu, gobe Faskari za mu, jibi Sabuwa. In sun tambaya, gurgun ne.”

“Ranka ya daɗe, ba shi ba ne.”

“Ka ga ƙarshen?”

“Ban gani ba.”

“To mi ya hana ya zama shi? Fim ne, mutum, ba karatun alƙali ba. Majigina ne, lasifikata ce, kuma rigar da ke ƙarƙashin dutsenka tawa ce. Masu wanki ba su ƙare a Funtuwa ba.”

Da ya tafi, Larai ta fito daga bayan zana. Ta ji komai.

“Malam, ka ce gurgun ne mana. Baturen ƙarya ne a jikin ƙyalle, ba ya da uwa ba ya da uba. Salihu ya tahi, ba ya dawowa. Mu da muka saura hatsi muke ci.”

“Ni ban yi zancen Salihu ba. Kwat na gani.”

“Kwat za ka tuƙa mana?”

 Ya juya rigar ya ci gaba da guga.

A Faskari aka kewaye fili da zana aka haska bayan isha'i. Aka yi tambayar da aka yi a Ƙanƙara, Maharazu ya ba da amsar da ya bayar, bai rage ko maɓalli ɗaya ba. A hanya ba wanda ya yi masa magana. Da suka isa Sabuwa, ranar kasuwa ce, kuma mutanen Damari sun shigo gari da yawa, ga su nan a layin shiga. Alhaji ya karɓe lasifika ya miƙa wa Hadi.

“Kai za ka yi bayani. Shi ya ɗaure ƙyalle ya samu wuri ya zauna.”

Maharazu ya ɗaure ƙyalle, ya ja kusurwoyinsa har ya miƙe sarai. Ya tsugunna gefe.

Hadi direba ne mai kyau, amma bai taɓa kallon fim da idon da ya wuce na dambe da mota ba. Yana juya na'ura yana kwarara ihu.

“Jama'a ku dubi wanga gurgu! Ko a duhu ka gamu da shi ka san ba alheri. Ga maigida kuwa, mutumin kirki, ga fari, ga kyauta. Allah Ya ba mu irinsa!”

Maharazu ya tashi. Ya zare karan dawa guda daga jikin shinge, ya je ya tsaya gefen allo inda ya saba tsayawa. Gurgu ya gifta, ya ɗora tsinin karan a kan maiƙon gwiwar hannunsa. Attajiri ya miƙa wa tsohuwa kwano, kara ya sauka a kan maɓalli. Tsohuwa ta ɓace, attajiri ya fito, kara ya koma kan maɓallin ya tsaya, bai motsa ba har sai da wani ya ce, “Kai! Ya sake riga!” Da attajiri ya rufe ƙofa hasken ya taso daga ƙasa, Maharazu ya bi inuwar da kara, daga haɓa har ramin ido, a hankali, kamar mai bin karin guga.

“Baba Maharazu, don Allah ka zauna,” in ji Hadi, ya manta lasifika na bakinsa. Fili ya kwashe da dariya.

“Direba, kashe abin nan!” wani ya ɗaga murya. “Karan ya fi ka baki!”

Wani dattijo daga Damari bai yi dariya ba. Ya juya ya dubi kujerar gaba, ya daɗe yana duba. Na kusa da shi suka bi idonsa.

Alhaji ya miƙe ya ce a kashe janareta. Aka kwance ƙyalle, aka loda kaya, mota ta tashi ba Maharazu. Ya kwana a rumfar wani mai shayi, kashegari ya bi motar hatsi ta Funtuwa, daga can ya samu ta Ƙanƙara.

Ya tarar an aiko cewa a mayar da kayan Alhaji, wankakku da marasa wanki, kuma kada a sake ganinsa kusa da majigi. Wankakkun Larai ta riga ta bayar. Saura ƙullin masu datti a kusurwar ɗaki, waɗanda Alhaji ya zaga wuraren kwangila da su. Ba abin da ya rage musu a gari. Suka yanke shawarar komawa Mabai, inda gonar mahaifinsa ke jira, ya naɗe dutsen guga a cikin tsumma ya sa a ƙasan buhu.

Ranar da za su tashi kasuwar Ƙanƙara ke ci. Maharazu ya kwance ƙullin, ya jera rigunan a kan faifai ba tare da ya rufe su ba. Larai ta tsaya tana kallonsa. Sai ta sunkuya, ta juya ta saman, ta fito da gefenta mai jar ƙasa waje, ta taya shi ɗorawa a ka.

Akwai gajeriyar hanya ta bayan masallaci zuwa gidan Alhaji. Bai bi ta ba. Ya ratsa ta tsakiyar kasuwa, ta layin mahauta da na 'yan hatsi, yana tafiya a hankali, gefen riguna na lilo a bayansa. Ya isa ƙofar gidan, ya sauke faifan a kan dakali inda kowa ke wucewa, ya kakkaɓe hannuwansa, ya juya.