Ƙofar Baba Agogo

Tun gashin kansa yana baƙi ake kiransa Agogo a gidan wankin nan da ke wanke wa otal-otal zannuwan gado da tawul. Daga baya aka ƙara masa Baba, saboda shekaru dai, ba don hankali ya ƙaru ba. Ko hankici bai taɓa wankewa ba, dutsen guga kuwa bai san zafinsa ba. Aikinsa tsayuwa a bakin ƙofa da safe, hannu ɗaya a baya, ɗayan a ɗage yana duban agogo, yana jiran wanda tsautsayi zai kawo a makare.

Kowa ya ɗauka kamun makararru ne daɗinsa. Ina! Roƙo ne abincinsa. Idan mai wanki ya shigo yana haki, ya tuɓe hula ya rusuna ya ce, "Baba, a rufa mini asiri," sai daɗi ya ratsa Agogo har ɓargo. Zai dubi sama, ya dubi ƙasa, ya ce, "Agogo ba ya jin magiya, ɗana," sannan ya kauce ya ba da hanya. Wanda ya fi durƙusawa shi ke samun afuwa. Shi ya sa Gwaggo mai guga, wadda ke kai mijinta asibiti kafin ta zo aiki, kullum sai an rubuta mata latti. Uzurinta na gaske ne, amma gwiwoyinta sun daina lanƙwasuwa tun tuni.

A gida kuwa ba a cewa komai. 'Ya'ya sun watse, matarsa ta ce ko kyanwar gidan ba ta tashi idan ya shigo. Duk girman da Allah ya ba shi a duniya a bakin ƙofar nan yake.

Da 'yar mai kamfani ta karɓi ofis, sai ta sa aka kafa wani ɗan akwati a jikin bango, kowa ya ɗora yatsa, manhaja ta rubuta lokacin shigarsa da fitarsa. Aka ce to, Agogo ya gama. Ashe kasuwarsa ce ta buɗe, don akwatin lokaci kawai ya sani, bai san uzuri ba. Wanda ya makara sai ya zo wajen Baba ya sa baki a gyara masa. Har layi ake yi.

Da ya tsaya nan da ya mutu da mutuncinsa. Amma kwaɗayi mabuɗin wahala. Ya ji surukinsa yana labarin wani mataimaki mai ƙirƙirarriyar basira, wanda ake yi wa magana ya amsa kamar mutum, kuma wai ana iya haɗa shi da manhajar lokaci ya zaƙulo duk mai daɗewa a banɗaki da mai sulalewa kafin tashi. Agogo ya hango layinsa ya ninka. Da ƙafarsa ya hau ofis ya kai shawara.

Ofishin ɗan tsukuku ne, fanka tana juya warin sabulu. Yarinyar ta yi ta danne-danne a kwamfuta tana haɗa mataimakin da manhajar, sannan ta ɗago.

"Baba, in ba shi izinin dubawa kawai, ko har da gyarawa?"

"Ba shi duka, 'yata. Ana aiken mutum a ɗaure masa hannu?"

Ta ba shi. Sai murya ta fito daga kwamfutar, a ladabce, ta gaishe shi, ta ce tana so ta san yadda yake hukunta uzurin wanda ya makara. Ga yarinya ta zuba masa ido, ga uwarta mai kamfanin ta tsaya a bakin ƙofa tana saurare. Ina bakin da zai ce gwiwa yake dubawa? Sai ya gyara murya, ya gyara zaman hula, ya shiga wa'azi. Mai jinya a yafe masa. Wanda aka yi wa rasuwa a yafe masa. Wanda ruwan sama ya tare, wanda mota ta lalace masa a hanya, duk bayin Allah ne.

"Ni ba sani ba sabo," in ji shi, har da buga tebur. "Ba na duban fuskar kowa. Wanda ba shi da uzuri kuwa, ko ni ne, a rubuta."

"Na fahimta, Baba," in ji mataimakin. "Haka zan bi."

Mai kamfani ta ce ba ta san tana da waliyyi a ma'aikata ba. Agogo ya sauko yana taku ɗai-ɗai.

Ba a yi nisa ba layi ya ɓace. Mutum yana cikin mota zai faɗa wa mataimakin ta wayarsa abin da ya tsare shi, kafin ya iso an gyara masa. Masu tuɓe hula suka koma jefa masa "sannu Baba" ta kan kafaɗa, wasu ko wannan babu. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Ya laɓaɓa ofis ya ce wa mataimakin ya riƙa turo masa mutane tukuna. Mataimakin ya ce ƙa'idar da ya bayar ba ta buƙaci haka ba, amma idan yana so, zai rubuta wa mai kamfani cewa Baba ya nemi a sa gaishe shi cikin sharuɗɗan afuwa.

"Bar shi, bar shi," in ji Agogo. "Gwada ka nake."

Sai ya yanke shawarar nuna musu yadda ƙofa take idan babu shi. Wata safiya ya zauna a tashar mota, motoci suna wucewa yana kallonsu, sai da rana ta ɗaga sannan ya taso. A hanya yana ta hango rikici, injuna a tsaye, mutane cirko-cirko ana tambayar ina Baba.

Ya tarar injunan wanki suna ta ruri, tururi na tashi daga ɗakin guga, direba na loda tawul yana fito. Ba wanda ya ɗago kai. Ya ɗora yatsa a akwatin, muryar mataimakin ta fito daga ciki ta gaishe shi ta ce ya makara, mene ne uzurinsa?

Ya lalubi jinya, ya lalubi rasuwa, ya dubi sama garau babu ko gajimare. Ya waiga dama da hagu. Sannan ya tuɓe hula, ya rusuna a gaban akwatin, ya rage murya.

"A rufa mini asiri."

"Ka yi haƙuri, Baba. Kai ka ce ko kai ne a rubuta."

Daidai nan Gwaggo mai guga ta fito rungume da zannuwa har haɓarta. Ta tsaya ta dube shi a ƙasa.

"Tashi, Baba, kar ka ɓata gwiwarka a banza. Ni a tsaye ya ji ni. Ɗan matsa mini, ka tare hanya."

Ya matsa.