Ludayin Ajin Asabar

Jiya ina gyaran kicin na ci karo da tsagaggen ludayin Baba, dattijon da ya koya wa yaranmu Hausa a Lanham. Wasa ya mai da ajin: wanda Turanci ya suɓuce wa ya riƙe ludayin, in aka tashi yana hannunsa, ba shi da dabino.

Wata Asabar na zo ɗaukar 'yata, na ce ta yi sauri, da Turanci. Ta tako ta miƙo mini ludayin. Yara suka kwashe da dariya.

Baba bai yi ba. "Likita, a gida ma haka ne?"

Na kasa ɗago kai. Kafin wata Asabar ya rasu, ludayin yana hannuna.

Allah ya haskaka kabarinka, Baba, ya dawo da Hausa gidana.