Saniyar Inna

Shekarar da ciwon huhu ya faɗa wa shanu, ina gidan miji a Kebbe da goyon fari a bayana. Lokacin Nasara ba su shigo ƙasar ba, labarinsu kawai muke ji a bakin fatake. Saniya za ta fara tari, ta miƙe wuya tana nishi, ta ƙi ciyawa, kafin ka ankara sai wuƙa. An yi jiƙo, an yi turare, duk a banza.

Sai ga wasu Fulani sun gangaro daga yamma da garkensu lafiya lau, sai dai kowace saniya da ƙullutu a karan hanci, kai ka ce ƙaho na uku ne zai tsiro. Da aka gama dariya aka tambaye su. Wai sabon magani ne suka koyo a ƙetaren Kwara. Huhun wadda ciwon ya kama ake yankowa, a jiƙa a ruwan dusa da bagaruwa, sannan a tsaga karan hancin mai lafiya a cusa ɗan ƙanƙane. Hancin zai kumbura, ta yi 'yan kwanaki ba daɗi, daga nan ciwon sai dai ta gan shi a jikin wasu. Na ce wannan ai hauka ne, ka ɗauki cuta da hannunka ka sa wa dabba? Maigidana bai kula ni ba. Ya je ya durƙusa ya koya, ya yi wa namu, kuma wallahi suka tsira. Abu ɗaya suka ja masa kunne a kai: karan hanci, ba wani wuri ba. Ba su faɗi dalili ba, shi ma bai tambaya ba.

Hankalina sai ya koma Tambuwal. Babana yana da 'yan shanu, cikinsu har da wata ja mai farin goshi, wadda Inna ta bari. Tun tana maraƙa Inna ke ba ta dusa a tafin hannu. Da Inna ta rasu Baba bai yi kuka a gabanmu ba, amma kullum da safe sai ya je turke ya dafa goshin nan yana magana ƙasa-ƙasa. Mun san da wa yake. Na tasa maigida a gaba, na ce ko ya kai ni ko in kama hanya da ƙafata. Muka zuba huhun a ɗan tulu, muka ɗaura wa jaki.

Baba bai yi gardama ba, don shanun maƙwabta sun riga sun fara tari. Aka kayar da nasa ɗaya bayan ɗaya ana tsagawa. Da aka zo kan jar, sai ya sha gabanta.

"Wagga kam ba a taɓa mata fuska. A sa mata ga kafaɗa, inda ba a gani. Jinin ai guda na."

Na ce masa cewa fa aka yi hanci. Ya ce mi na sani ga shanu, ga mai aikin nan a tsugune, bari shi ya faɗa da bakinsa.

To, kun san mutum da surukinsa. Tun da aka ɗaura mana aure maigidana bai taɓa haɗa ido da Baba ba, ko ruwa ba ya sha a gabansa. Ina kallonsa ƙeyarsa tana gumi. Na yi gyaran murya, na buga ƙafa, bawan Allah ko motsi. Can ya ɗauki aska ya tsaga kafaɗar.

A bayan rumbu na wanke shi tas. Ya ce shi da ya musa wa Baba a gaban mutane, gara ƙasa ta tsage ya shige. Haushi ya ishe ni, tausayinsa kuma ya hana ni ƙarawa.

Sauran shanun hancinsu ya kumbura ya sace. Ita kuwa kumburin bai tsaya ba. Ya ci kafaɗar, ya gangara ƙirji, fatar ta yi tauri da zafi. Baba ya gasa, ya shafa mai, ya daina zuwa gona. Ran da ta kasa tashi, kowa ya san in aka ƙara jinkiri mushe za ta zama. Baba ya zauna a ƙasa ya ɗora kanta a cinyarsa, ya rufe mata ido da hannun riga, maigidana ya yanka. Fuskar nan tas, ko ƙwarzane babu. Na yi kukan da ban yi ba tun ranar da aka ɗauki Inna.

Aka raba naman a unguwa, Baba bai kai ko tsoka bakinsa ba. Da la'asar ya aika a kira maigidana. Ya zo ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa.

"Ka san hanci kaɗai a ka yi?"

"Sun faɗa mani, Baba."

Na ɗauka faɗa Baba zai yi, amma da ya buɗe baki sai ya ce:

"Ba laifinka ba na, ni na hana. Amma abu guda nika roƙo. Gobe in na faɗi ba daidai ba, ka ce mani a'a, ko gaban wa."

Maigidana ya ƙara sunkuyar da kai, ya ce, "To, Baba."

Har Allah ya karɓi ran tsohon nan, ban taɓa jin ya ce masa a'a ba.