Mai Ɗura wa Inji Mai

A layin masu walda na Birnin Gwari, wani mutum yana tsugune, jar laka har gwiwa. Gabansa tukunyar gas ce da ya liƙa wa fitila, kyamara da farfela, don ta nutse cikin ruwa. Da sirinji yake ɗura wa injin farfelar mai, ga ledar ƙarin ruwa irin ta asibiti maƙale, cike da mai.

"Malam, ledar fa?" in ji mai walda.

"Can ƙasa ruwa zai matse ta, man ya hana ruwan shiga injin."

Na ɗauka zinare yake bi a wani ramin haƙa da ruwa ya cika, sai na tambaya.

Bai ɗago ba. "Ƙanena ne a ciki, kwana huɗu. Inna dai ta samu abin binnewa."