Butar Alhaji Bawa da Kujerar Ƙanena

Ku da kuka zauna da Alhaji Bawa a garin nan na Guangzhou kun sani, in mutum biyu suna gardama bai taɓa bin bayan ɗaya ba. Sai ya saurare ku tsaf, ya gyara zaman hula, ya ce, "Duk ba haka ba ne." Ka ce a ci shinkafa, wani ya ce taliya, Alhaji ya ce shi kunun gyaɗa yake marmari. A China fa! Wata rana a titin Liuhua Lu ni da wani muna musun ko jirgin ƙasa za mu hau ko tasi, muna waigawa muka hango shi ya miƙe hanya a ƙasa, buhu a kafaɗa. Na yi dariya ranar. Da na san inda halin nan zai kai gidanmu, wallahi da ban buɗe haƙori ba.

Ni da shi 'yan zango ɗaya ne a Kumasi, tare aka kai mu boko. Shi ya jure, ni kuwa tun a aji biyu malamin ya ce da babanmu a kai ni kasuwa, kada a yi ta ɓarnar alli. Ƙanena Mumuni shi ya yi karatun gidanmu duka, har ya zama shugaban makaranta. Daga baya ɗaya daga cikin manyan jam'iyyu biyu ta tsayar da shi takarar majalisar dokoki. Ɗan zangonmu bai taɓa hawa kujerar nan ba. Mutum biyu ne a fili, Mumuni da mai riƙe da kujerar, kuma kowa na cewa bana tamu ce.

Sana'ar Alhaji kuwa buga rigunan kamfe da hulunan hana-salla a wata masana'anta a Panyu, ya loda zuwa gida. Kowane ɓangare buga masa yake. Ni na raka shi ran karɓar kaya. An gama na Mumuni, an gama na abokin karawarsa, sai ga fararen riguna sun yi saura, tari guda har ƙirjina. Alhaji ya ce mai wurin ya karɓi abinsa. Laoban, wato maigidan masana'antar, ya kaɗa hannu: "Meyo, meyo!" Babu ke nan, an riga an yanka an ɗinka.

Alhaji ya zagaya tarin nan, ya ɗaga riga ɗaya ya shinshina. Kun dai san shi, mutumin da ke shanya ganyen shayi a taga don gobe ya sake dafawa.

"Garba, farar riga ba hoto asara ce."

"To ka ƙara wa Mumuni mana."

"Fuskar Mumuni ta isa haka. Kada a gaji da ita."

Ya laluba aljihu, ya zaro hotonsa na fasfo, ya miƙa wa laoban. Na ɗauka wasa ne. Jama'a, ku ji mini! Mutum ya shiga takarar majalisa don kada riguna su lalace! Kafin mako ya zagayo ya sa an yi masa rajista a gida, ɗan takara mai zaman kansa, ba jam'iyya, ba ubangida.

Ranar Juma'a, ana sallamewa a Masallacin Huaisheng, na tare shi a bakin ƙofa, na jawo dattawa biyu cikin fataken Kano su taya ni.

Na ce, "Alhaji, ban yi boko ba amma na iya rabon nama. Mutanen wancan ko ƙuri'a ɗaya ba za su ba ka ba. Duk wanda zai dangwala maka ɗan zango ne, daga kwanon Mumuni za ka ɗebe shi. Kai ba ka ci ba, shi bai ci ba, bare ya kwashe!"

Ya dube ni kamar yana tausayina. "Garba, tukunya ba ta zama a kan dutse biyu. Sai da na uku."

"Ai ba dutse ka kawo ba! Namu ka fasa gida biyu!"

Dattijo ɗaya ya ce ya janye don zumunci. Ɗayan ya ce tunda an buga riguna, ya bari a sa, amma ya ce wa mutane su zaɓi Mumuni. Alhaji ya gyara hula. Ba sai na faɗa muku abin da ya ce ba.

Abin da ya ƙarasa mu alama ce. Mai zaman kansa shi ke zaɓar hoton da za a sa kusa da sunansa a takardar ƙuri'a, Alhaji ya zaɓi buta. Ba don tsoron Allah ba fa, yana da ragowar butocin roba da suka ƙi fita, ya ce a raba a wurin kamfe. Ya tafi gida ya yi ta yawo lungu-lungu a kan babur ɗin aro. Ranar zaɓe tsofaffin zango suka buɗe takarda suka ga butar alwala. Gwaggonmu Asabe, wadda ta goyi Mumuni a bayanta, na kira ta a waya na ce, "Gwaggo, kin dai zaɓi ɗanki?"

Ta ce, "Na je da niyyarsa, ɗan nan. Amma da tsufana, ƙafata ɗaya a kabari, in tsallake butar alwala in dangwala wa wani abu? Me zan ce gobe kiyama?"

Mumuni ya faɗi da ɗan ƙiris. Abin da buta ta kwasa ya fi tazarar nesa ba kusa ba, ko ni na gane wannan lissafin. Jam'iyya kuma ba ta sake ba shi tikiti ba, ya koma makarantarsa.

Sai ga Alhaji ya dawo Guangzhou, sanye da rigar hotonsa a ƙarƙashin jamfa, har da tsarabar yaji ya kawo mini.

"Garba, ka taya ni murna. Na zo na uku."

"Ku uku ne kuka tsaya!"

"To kai ka taɓa zuwa na uku a wani abu?"

Yajin dai na karɓa, ba shi ya yi mini laifi ba. Amma na daɗe ina canza sahu in na gan shi a masallaci.

Da ciwo ya kwantar da shi, Allah Ya karɓi abinsa a garin nan, ni na kira Mumuni na gaya masa. Ya ce, "Yaya, tun da na faɗi, duk wanda ya tambaye ni sai in ce Alhaji Bawa ne. Ba wanda ya taɓa tambayata me ya sa mutanena suka ga buta suka manta da ni. Shi ya ɗauke mini wannan kunyar. Na yafe masa."

Na ce, "Kai ka yafe. Ni da saura."

Kuma da sauran, ba zan yi ƙarya a kan mamaci ba. Amma ya Allah, fushin nan nawa ne, tsakanina da abokina, kada Ka sa masa shi a ma'auni. Ka jiƙan Bawa, Ka yalwata masa kabarinsa a ƙasar baƙunta, Ka haɗa mu da shi a inda ba a faɗuwa. Amin.